Ranar da Uwar Ciniki Ta Yi wa Mota Juye

Uwar Ciniki ba ta taɓa sayen ko allura a kuɗin da aka faɗa mata ba, shi ya sa duk layin aka manta sunanta na gaskiya. Mai tumatir in ya hango ta daga nesa sai ya tuna akwai wani uzuri da ke jiransa a bayan rumfa. Doguwa ce, irin dogayen da sai sun sunkuya a ƙofar ɗakinsu. Robobi da bokitai take sayarwa a kasuwa, kuma a ganinta babu sana'ar da ta fi ƙarfin mai ido biyu.

Mijinta kuwa, Allah ya jiƙansa, ɗan guntu ne. In sun jera, hularsa a hammatarta take tsayawa. Ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, da akwatin sifanu, da wata tsohuwar mota da ta girmi babbar 'yarsu. Shi ya koya mata tuƙi, da motar take kai kaya kasuwa. Kujerar direba tana nan a matse gaba yadda ya bar ta, haka Uwar Ciniki take tuƙi, gwiwoyinta suna gaisawa da sitiyari.

Wata takwas da rasuwarsa motar ta fara tari da safe. Bakaniken da ke bakin layi ya zo ya ɗaga bonet, ya zaro geji, wannan siririn ƙarfen da ake tsomawa a inji don a ga mai, ya murza abin da ya maƙale masa.

"Mama, wannan ai ba mai ba ne, kwalta ce. Tun rasuwar Baba ba a yi mata juyen mai ba ko?"

"Nawa ne?"

Ya faɗi kuɗin mai, ta gyaɗa kai. Ya faɗi kuɗin hannu, ta dafe ƙirji.

"Kuɗin hannu? Hannun na zinariya ne? Noti ɗaya za ka kwance, ka zauna kana sakace, mai yana zuba da kansa. Man ya kamata a biya, shi ke aikin."

Suna cikin haka sai ga Baffan yara, ƙanin Marigayi, wanda tun ba a tashi daga zaman makoki ba yake kewaya motar nan da ido. Bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, wanda ko gaisuwa bai gama ba ya shiga ƙwanƙwasa ƙofar motar kamar mai zaɓen kankana.

"Matar yaya," in ji Baffa, "ki bari a sayar da ita tun tana da sauran numfashi. Akwai rabon yara a ciki. Mota sai da namiji a ƙarƙashinta."

"Kai da ko tayar keke ba ka iya ba wa iska ba? Shekara ashirin da biyu ina riƙe wa yayanka roba in zai yi juye. Babu abin da ban gani ba."

Tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofarta, ya tsayar da keken ɗinki. "Me kika gani, maƙwabciya?"

"Komai!"

Gaskiyar magana, ƙafafu ta gani. Shekara ashirin da biyu Marigayi yana shigewa ƙarƙashin motar ta gaba, ita tana tsaye tana kallon tafin ƙafarsa, tana ba shi labarin wanda ta kayar a kasuwa. Amma baki ya riga ya buɗe, kuma bakin Uwar Ciniki ba shi da giyar baya.

"Ranar Asabar da hantsi, a gaban kowa, zan yi mata juye da hannuna, in tuƙa ta zuwa shataletale in dawo. In ta gaza, ni da bakina zan sayar wa wannan mai ƙwanƙwasar."

"Tela, ka shaida?" in ji Baffa da sauri.

"Na shaida, ni da kekena."

Washegari ta tafi shagon mai. Mai shagon ya tambayi shekarun motar, ta faɗa, ya ce Allah ya ƙara mata lafiya, ya ɗauko wani galan ya dire.

"Wannan mai kauri ne, Mama. Shi tsohon inji yake so."

Kafin ya ce kul ta ɓalle murfin, ta tsoma yatsa, ta murza, ta ɗaga wa rana, ta sansana, yadda take yi wa man girki.

"Wannan ai ya daskare. Wancan fa da ka ɓoye a sama?"

"Ban ɓoye ba, na sababbin motoci ne, tsinkakke ne. Injin da ya tsufa gaɓoɓinsa sun saki. In kika ba shi mai ruwa-ruwa, ta ko'ina zai bi, ya ƙone ya fita ta salansa."

"Kai, kana da kaka?"

"Ina da ita."

"Da haƙoranta suka zube, ƙashi kuke ba ta ko abu mai ruwa?"

"Mai ruwa, amma Mama ita kakata ba..."

"Sauko da shi."

"Ya fi tsada fa."

Nan ta tabbata ta kama shi. Abu ya fi tsada, an ɗora shi a sama, kuma ba a son sayar mata: me ya rage? Aka zauna ciniki. Sau uku tana fita shagon tana dawowa. Ta kushe galan ɗin, ta kushe murfinsa, ta ce rubutun jikinsa ma ya koɗe, duk da ita da rubutu gaisuwa ce kawai daga nesa. Da mai shagon ya gaji ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya sallama, sai ta ce gyara fa? Ya miƙa mata mazurari.

"Filta fa, Mama? Tare da mai ake canja ta."

"Ba matata ba ce, irin ta tace koko? Tawa ta ɗakin girki shekara tara ina wanke ta, ba ta taɓa kai ƙarata ba."

"To, ki ji wannan ɗaya don Allah. Injinki lita huɗu yake ci, wannan biyar ce. Ki rage ɗaya, ki riƙa duba geji."

"Wato in biya biyar, mota ta sha huɗu. Sannu da wayo."

Ranar Asabar tun kafin hantsi layi ya cika. Tela ya fito da benci, matarsa ta fito da kujera 'yar tsugune, masu wucewa suka fasa wucewa. Baffa da ɗan gwangwan suka tsaya a gefe, shi ɗan gwangwan har da igiyar jan mota a kafaɗa. Bakanike ya matso zai leƙa, ta kore shi.

"Koma garejinka. In ka kalla ma cewa za ka yi in biya kuɗin ido."

Ta hau da tayoyin gaba kan bulo biyun da Marigayi ya tanada don wannan aiki. Ta sa rigar aikinsa, hannun rigar ya tsaya mata a gwiwar hannu. Ta ɗaure zani tamau, ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauki sifana da roba sabuwa daga cikin hajarta, ta kwanta rigingine ta shige ta gaba.

Ita duk zatonta noti ɗaya ne a ƙarƙashin mota, zaune shi kaɗai yana jiran a kwance shi. Sai ta tarar da notuna sun fi arba'in, manya da ƙanana, kowanne ya yi baƙi yana kallonta kamar surukai. Ta so ta fito. Sai ta jiyo Baffa yana cewa ɗan gwangwan, "Ka fara kwance igiyarka."

Sai dabara ta faɗo mata. Ai tana da ma'auni. Duk juyen da Marigayi ya yi, idon sawunsa daidai lambar mota yake tsayawa, daga nan sai ta ji ƙarar sifana ta hannun dama.

"Matar Tela! Duba mini, idon sawuna ya zo daidai lamba?"

"Da saura, yaya. Har ƙwaurinki a waje."

Ta ja jiki ciki. "Yanzu fa?"

"Ƙara kaɗan. Yauwa, daidai!"

Ta miƙa hannun dama sama, sai ga shi ya sauka a kan wani ƙaton noti mai ƙiba, shi kaɗai a gindin wani ƙarfe mai tumbi. Ta yi murmushi a cikin duhu. Ilimi ba sai a takarda ba.

Notin ya ƙi motsi. Ta tuna Marigayi yakan yi bisimilla, in abin ya ƙi sai ya zagi notin. Ta yi duka biyun. Ya saki gaba ɗaya, mai ya biyo sifana, ya bi hannun riga, ya sauka a hammata, sannan ta tuna da roba. Wani wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, har Tela ya toshe hanci da ƙyallen wani.

"Maƙwabciya, lafiya? Ko wani abu ne ya mutu a ciki?"

"Ciwo ne ke fita!"

Da ya gama ɗiga ta mayar da noti ta ɗaure, ta jawo jiki waje, rabin fuskarta yana ƙyalli. Ta dire robar a tsakiyar jama'a. Baffa ya leƙa.

"Ba cewa aka yi baƙi ne kamar kwalta ba? Wannan ai kamar zuma."

"Ka ga ƙaryar bakanike ke nan. So yake ya tsorata ni ya ci kuɗina."

"Kuma ɗan wannan ne duka? Ko rabin roba bai kai ba."

"Shi ya sa take tari. Ƙishirwa ce."

Ta ɗaga bonet, ta kwance murfin inji, wannan kam ta san shi, ta kafa mazurarin gyara ta fara ɗura. Man yana sauka a hankali kamar mai jin nauyin shiga, ita kuwa tana lallashinsa. Ta ɗura har ƙarshe, ta kife galan, ta bubbuga gindinsa, ta lakace bakin da yatsa ta shafa a ciki.

"Ba kya duba sandar nan?" in ji Tela.

"Shekara talatin ina girki ban taɓa auna mai da sanda ba."

Ta naɗe dogon jikinta ta shiga mota, ta murza makulli. Motar ta tashi tashi ɗaya. Uwar Ciniki ta danna ham sau uku, ta leƙo ta taga.

"Baffan yara, ka riƙe wa baƙonka igiya, kada ya rataye kansa don baƙin ciki."

Ta sauko daga kan bulo, ta juya hancin mota wajen titi, Baffa da ɗan gwangwan suka koma bayanta don su ga tafiya. Ta taka.

Abin da ya fito daga salansa ba hayaƙi ba ne, gajimare ne. Fari fat mai shuɗi-shuɗi, mai kauri, ya fara haɗiye Baffa, ya haɗa da ɗan gwangwan da igiyarsa, ya wuce ya cinye benci, ya shiga shagon Tela ya zauna a kan fararen yadudduka. Ta duba madubi ba ta ga layi ba sam. Ta ce a ranta sauran ciwon ne, ta sa giya ta biyu. Daga ƙarƙashin kujera wani kuka ya taso kamar injin niƙa da aka zuba wa tsakuwa. Ta ƙara wuta don ta danne kukan. Hayaƙin ya ninka, har ya biyo iska ya sha gabanta.

"Gobara! Gobara! Uwar Ciniki tana ciki!"

Mutanen layin nan, Allah ya saka musu, ba su yi wata-wata ba. Kowane gida ya fito da bokiti, kuma kusan duk bokitan nan ita ta sayar musu, ba ragin ko sisi. Na farko ya shigo ta tagar direba. Na biyu ruwan wanki ne, har da safa a ciki. Tana ihu tana cewa ba wuta ba ce, gyara ne, ruwa yana shiga bakinta. Motar ta yi tari uku, ta yi atishawa, ta mutu. Ba ta zaɓi ko'ina ta mutu ba sai ƙofar garejin bakanike. Shataletale kuwa ko hango shi ba a yi.

Bakanike ya fito yana kore hayaƙi da hula. Ya ɗaga bonet ya zaro geji, mai ya jiƙa ƙarfen har kusa da mariƙi.

"Mama, nawa kika zuba?"

Ta fito tana ɗiga, ta cire safar daga kafaɗa. "Biyar. Abin da na biya."

"Wanne iri?"

"Na sama. Mai tsadar."

Ya runtse ido. "Nawa kika fitar?"

Matar Tela ta kawo robar a guje, don ba ta son a yi abin babu ita. Ya kai hanci, ya janye.

"Wannan man giya ne. Mama, giyabos kika yi wa juye. Inji yana nan da kwaltarsa lita huɗu, kin ɗora masa biyar a kai, tsinkakke ma. Giya kuwa a bushe kika taho da ita."

"Ƙarya kake! Inda Marigayi yake kwancewa nan na kwance. Idon sawu daidai lamba, hannun dama sama. Matar Tela ce shaida."

"Wallahi daidai lamba," in ji matar Tela. "Ni na gwada."

Tela ya tako a hankali, yana zare tef ɗin awo daga wuyansa.

"Maƙwabciya, ni nake ɗinka wa Marigayi kaya shekara ashirin. Awonsa yana kaina. Ɗan tsaya tsaye."

Da ta san abin da zai yi da ta gudu. Ya ba matarsa bakin tef ta riƙe a idon sawu, ya ja har kafaɗa, ya sa babban yatsa a can ƙasa, inda kafaɗar Marigayi take tsayawa, ya ɗaga wa jama'a abin da ya rage: kamu guda cur. Bakanike ya karɓi tef ɗin da yatsan Tela a kai, ya kwanta ya shige ƙarƙashin mota. Can sai muryarsa ta fito tana rawa.

"Daga notin inji zuwa notin giya... Tela, ko ɗinki ne sai haka!"

Layi ya fashe. Wata tsohuwa ta zauna a cikin bokitinta. Mai wanki, wanda hayaƙi ya gama da shanyarsa, ya zo da niyyar faɗa, dariya ta hana shi. Uwar Ciniki tana tsaye, ruwan sabulu yana bin hancinta, ta ce a hankali, "Shekara ashirin da biyu ina ce wa mutumin nan ya ƙara tsawo."

Baffa ya fito daga sauran hayaƙin, ido jajur, yana tari. "Alkawari, matar yaya."

Nan ta ji abin ya soke ta. Ta kalli motar, ta kalli kujerar nan da ke matse gaba, yanzu a jiƙe sharkaf. Ta matse bakin zaninta, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Alkawari kaya ne. Na ce ni da bakina zan sayar, to ga bakin. Malam mai ƙwanƙwasa, taya."

Ɗan gwangwan ya taya. Ta yi dariyar da ta fi ta kowa ƙarfi. Ta ce wannan kuɗin ƙofa ɗaya ne, kuma ƙofofi huɗu ne. Ya ƙara. Ta ce tayoyi fa, har da ta cikin but? Ya ƙara. Ta ce akwai sabon mai lita biyar a ciki, na sama, ko awa ɗaya bai yi ba, ga mazurari. Ya ƙara kaɗan, ita ma ta ƙara.

"Mama, ai ni ke hawa, ke saukowa za ki yi."

"Wa ya ce?"

Rana ta take, kayanta suka bushe a jikinta, ciniki bai motsa ba. Ta sa masa kuɗin ham, ta sa na madubi, ta sa na ƙwanƙwasar da ya yi wa ƙofa ranar farko. Ya ce bari ya je ya sha ruwa, ta riƙe igiyarsa ta ce ba a tashi ciniki bai faɗa ba. Da la'asar ta gabato ya saki igiyar ya bar mata.

"Ko kyauta kika ba ni ba na so!" Ya faɗa yana waige har ya sha kwana.

Baffa ya kira wasu 'yan gwangwan biyu a waya. Kowanne da ya ji da wa za a yi cinikin sai ya ce yana da hawan jini. Baffa ya zauna a kan benci, ya cire hula yana fifita.

"A gyara ta. Na haƙura. Amma ki faɗa da bakinki kin faɗi."

"Na faɗi," in ji ta, "amma a kan kayana."

Saura bakanike. Ya goge hannu, ya lissafo: a tsiyaye inji, a zuba mai kauri lita huɗu, sabuwar filta, man giya, a wanke fulogi, a yi addu'a giyar ba ta ci kanta ba. Sannan kuɗin hannu.

"Sharaɗi ɗaya, Mama. Ba ragi."

Bakinta ya buɗe da kansa. Duk layin ya yi shiru, har kaji. Ta ji kalmar "haba" ta taso tun daga cikinta ta zo maƙogwaro. Ta haɗiye ta, da ƙyar, kamar ƙwayar magani ba ruwa. Ta kwance bakin zani, ta juya fuska gefe, ta miƙa.

"Wa ke da alƙalami?" in ji Tela. "A rubuta ranar yau."

Washegari da yamma motar ta tashi tana gurnani a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi, salansa tas. Uwar Ciniki ta naɗe jiki ta shiga, gwiwa ta daki sitiyari. Bakanike ya sunkuya ya kai hannu ƙarƙashin kujera.

"Mama, bari in ja miki ita baya ki miƙe ƙafa. Wannan kyauta ne."

Ta buge hannun. "Bar ta inda ya bar ta."

Ya janye hannunsa. Tela daga shagonsa ya ɗaga hannu sama. "Jiya ta biya ba ragi, yau ta ƙi kyauta. Jama'a, kowa ya nemi gafara, duniya ta zo ƙarshe."

Motar ta ja, ta nufi shataletale. Ba ta yi taku ashirin ba sai fitilar birki ta kama. Ta dawo da baya a hankali har ƙofar gareji, kan Uwar Ciniki ya leƙo ta taga.

"Kai, man da ka tsiyaye fa? Fiye da rabinsa sabo ne. Zuba mini a galan."